Nauru: Tsibirin da Aka Kwashe Ƙasarsa Aka Yi Taki

Jama'a masu sauraro, na Zauro da Ambursa da Birnin Kebbi da Argungu, da na sauran garuruwan da ke bakin fadamar Rima. Sharhin yau zai ƙetare teku zuwa wata ƙasa mai suna Nauru, wadda tsibiri ce guda ɗaya tilo a tsakiyar Tekun Pasifik, can gabas da duniya, arewa maso gabas da Ostireliya. Duk da nisanta, labarinta ya shafi kowane manomi da ya taɓa zuba takin zamani a gonarsa, domin Nauru ƙasa ce da aka haƙe ƙasarta ta noma, aka loda ta a jiragen ruwa, aka kai ta gonakin wasu mutane a matsayin taki. An samu kuɗi mai yawa a wannan ciniki. Kuɗin ya ƙare, ƙasar kuwa ba ta dawo ba. Wannan shi ne ƙashin bayan sharhin, kuma za a yi ta komawa gare shi.

Da farko, ya kamata a san girman wurin da ake magana a kai. Faɗin Nauru gaba ɗaya murabba'in kilomita 21 ne, wato kimanin hekta 2,100, kuma idan aka tuna cewa filin da aka tsara wa aikin noman rani na Zauro tun shekarar 1969 ya haura hekta 10,000, za a ga cewa wannan fili kaɗai ya ninka ƙasar Nauru kusan sau biyar. Mutanenta kimanin 12,000 ne. A duk duniya, Batikan da Monako ne kawai suka fi ta ƙanƙanta. Ba ta da kogi, ba ta da soja, ba ta da kuɗin kanta sai dalar Ostireliya, kuma a hukumance ba ta da babban birni, sai dai ofisoshin gwamnati suna gundumar Yaren. Amma tana da majalisa mai wakilai 19 waɗanda ke zaɓen shugaban ƙasa daga cikinsu, kuma tun 1999 take da kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya, inda ƙuri'arta ɗaya take daidai da ƙuri'ar Najeriya.

To, yaya mutanen suke rayuwa kafin zuwan Turawa? Masana tarihi sun ƙiyasta cewa kakanninsu sun sauka a tsibirin cikin kwale-kwale kimanin shekara 3,000 da suka wuce, suka kasu dangi 12, kuma ta wajen uwa ake bin dangi, abin da ya sa tauraron da ke jikin tutar ƙasar yake da tsini 12. Abincinsu kwakwa ne da 'ya'yan itatuwa da tsuntsayen teku da kifi. Akwai wata sana'a tasu wadda masuntan Kabi za su gane ta nan take. A cikin tsibirin akwai wani tabki mai suna Buada, wanda ruwansa ke da ɗan gishiri kaɗan. Mutane kan je bakin teku su kamo 'ya'yan wani kifi da suke kira ibija tun suna ƙanana, su riƙa saba musu da ruwan da ba shi da gishiri sosai sannu a hankali, sa'annan su sake su cikin tabkin, inda kowane gida yake da yankinsa da aka shata masa, su bar su su girma har lokacin kamu. Da wannan kiwo suke samun abinci a watannin da teku ta yi fushi kwale-kwale ba ya iya fita. Mutane ne da suka san yadda ake tattalin abin da ake ci, kuma ya kamata a riƙe wannan a zuciya kafin a ji abin da ya biyo baya.

Jirgin Turawa na farko ya iso a 1798 ƙarƙashin wani Bature ɗan Ingila mai suna John Fearn. Bayansa jiragen masu farautar manyan kifaye suka riƙa tsayawa neman ruwa da abinci, suna biya da bindigogi da barasa. A 1878 faɗa ya ɓarke tsakanin dangogin tsibirin, aka shafe shekara goma ana kashe juna, har yawan jama'a ya sauko daga kimanin 1,400 zuwa 900. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 1888 Jamus ta turo jirgin yaƙi, ta karɓe bindigogin, ta kafa tutarta.

Yanzu sai a zo ga abin da ya juya tarihin ƙasar. A ofishin wani kamfanin kasuwanci da ke birnin Sidni na Ostireliya akwai wani dutse da aka kawo daga Nauru, ana tokare ƙofa da shi, kowa yana ɗaukarsa icce ne da ya daɗe ya zama dutse. Wani ma'aikacin kamfanin mai suna Albert Ellis ya ɓantari kaɗan ya gwada shi, sai ya tarar fosfet ne, kuma mai kyawun da ba a cika samun irinsa ba. A 1900 ya je ya tabbatar da cewa kusan duk tudun tsakiyar tsibirin wannan dutse ne. Fosfet shi ne dutsen da ake niƙawa a sarrafa a samu takin da manoma ke kira supa, kuma sinadarinsa na cikin ukun da aka haɗa a takin kamfa, shi ne mai ƙarfafa saiwa da cika ƙwaya. An daɗe ana danganta na Nauru da kashin tsuntsayen teku da ya taru shekaru dubbai a kan dutsen murjani, wato dutsen farar ƙasa da wasu ƙananan halittun ruwa ke ginawa. Ƙasar noman Ostireliya da ta Niyu Zilan kuwa suna da ƙarancin wannan sinadari ƙwarai, don haka manoman alkama da makiyayan tumakinsu suka samu abin da suka daɗe suna nema. An fara haƙa a 1906.

A 1914, da Yaƙin Duniya na Farko ya tashi, sojojin Ostireliya suka ƙwace tsibirin daga hannun Jamus. A 1919 Birtaniya da Ostireliya da Niyu Zilan suka yi yarjejeniya a tsakaninsu, suka kafa hukuma guda da za ta riƙa haƙar fosfet tana sayar wa manomansu a kan kuɗin da aka kashe wajen haƙowa kawai, ƙasa da farashin kasuwar duniya. Ba a zauna da mutanen Nauru ba wajen wannan yarjejeniya, alhali kuwa an damƙa tsibirin ga ƙasashen uku ne a matsayin amana, da sharaɗin su kula da jin daɗin mazaunansa. A farkon aikin, abin da ake biyan masu ƙasa shi ne rabin kwabo a kan kowane tan guda. An ƙara ladan daga baya, amma har zuwa shekarun 1960 bai kai wani abin kirki ba idan aka gwada da darajar kayan. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A nan ya dace a tsaya a dubi yadda ake haƙar, domin a cikinta ɓarnar take. Fosfet ɗin yana kwance ne a tsakanin ginshiƙan dutsen murjani da ke ƙarƙashin ƙasa. Sai a sare itatuwa, a kankare ƙasar sama wadda ita ce mai rai, sa'annan a yashe abin da ke tsakanin ginshiƙan, da farko da diga da shebur da kwando a hannun leburorin da aka kawo daga Sin da tsibiran maƙwabta, daga baya kuma da injuna. A busar da shi, a tura shi ta kan wasu dogayen hannuwan ƙarfe da suka miƙa cikin teku, ya zuba cikin jirgi. Idan aka gama da wuri, abin da ke saura shi ne tsirarun duwatsu masu kaifi, tsaye kusa da juna, wasu tsawonsu ya kai mita 15, da ramuka a tsakaninsu. Ba a iya shuka a wurin, ba a iya gini, mutum ma ba ya iya ratsawa da ƙafa sai da wahala, ga zafin da ke tashi daga farin dutsen da rana. Kimanin kashi 80 cikin 100 na tsibirin haka ya koma. Jama'a duka suna zaune ne a wani siririn zobe na bakin teku, tsakanin ruwa da kufai.

Bai kamata a ɗauki mutanen Nauru a matsayin waɗanda suka naɗe hannu ba. Annobar mura ta kashe da yawa daga cikinsu a 1920, har suka rungumi burin su kai mutum 1,500 don kada al'ummarsu ta ɓace, kuma ranar 26 ga Oktoba 1932 da aka haifi jaririyar da ta cika wannan adadi ta zama ranar biki da suke kira Angam, ana yin ta har yau. A Yaƙin Duniya na Biyu Japan ta mamaye tsibirin, ta kwashi mutum 1,200 zuwa aikin tilas a tsibiran Chuuk, kuma 737 ne kawai suka dawo da rai. A farkon shekarun 1960, da Ostireliya ta ga inda haƙar ta dosa, sai ta yi musu tayin su tashi gaba ɗaya su koma wani tsibiri mai suna Curtis a gaɓar tekunta, su zama 'yan ƙasarta. Suka ƙi, domin ba za a ba su ikon mulkin kansu a can ba. Ƙarƙashin jagorancin Hammer DeRoburt, wanda shi kansa yana cikin waɗanda aka kai Chuuk, suka sayi kadarorin hukumar haƙar, suka karɓi 'yancin kai ranar 31 ga Janairu 1968, shekara 22 daidai da ranar da waɗanda suka tsira suka dawo gida.

To, masu sauraro, a nan labarin ya juya, kuma a nan ne laifin ya daina zama na baƙi kaɗai. Daga 1970 ribar fosfet ta koma hannun Nauru, kuma sabuwar gwamnati ta ci gaba da haƙa da sauri, ana fitar da kusan tan miliyan 2 a shekara a lokacin da farashi ya yi sama. A tsakiyar shekarun 1970, idan aka raba kuɗin shigar ƙasar a kan yawan mutanenta, Nauru tana sahun gaba a duniya, kafaɗa da kafaɗa da ƙasashen Larabawa masu man fetur. Babu haraji, asibiti da makaranta kyauta ne, kuma wanda ciwonsa ya gagara a kan ɗauke shi a jirgi zuwa Ostireliya. Shugabannin sun san fosfet zai ƙare, don haka suka kafa asusun amana domin jikoki, kuma wannan tunani ne mai kyau. Abin da ya gaza shi ne riƙon asusun. An gina bene mai hawa 52 a birnin Melbon, an sayi otal-otal da filaye a ƙasashe daban-daban, an kafa kamfanin jiragen sama da ke tashi sau da yawa kujeru babu kowa, har a 1993 aka zuba kuɗi a wani wasan kwaikwayo na waƙa a Landan wanda aka rufe bayan 'yan makonni. Masu ba da shawara na ƙetare sun ci rabonsu, wasu 'yan damfara sun ci nasu, gwamnatoci kuma suna ta cin bashi a kan asusun domin cike giɓin kasafi. Asusun da ya kai kimanin dalar Ostireliya biliyan 1.3 a 1991 ya koma miliyan 138 a 2002, kuma a 2004 aka sayar da benen Melbon domin biyan bashi. Kuɗin ya ƙare, ƙasar kuwa ba ta dawo ba.

Sau da yawa masu ba da labarin Nauru kan tsaya a kan wannan almubazzaranci, suna nuna shi kamar shi ne dukan labarin. Wannan rashin adalci ne. Kimanin kashi ɗaya cikin uku na tsibirin an riga an yashe shi kafin mutanen su karɓi ragama, kuma ribar waɗannan shekaru 60 tana cikin gonakin wasu. Nauru ta kai ƙarar Ostireliya Kotun Duniya da ke Hague a 1989, tana neman a gyara filayen da aka lalata a zamanin amana. Kotun ta amince tana da hurumin sauraron ƙarar, kuma kafin a kai ga hukunci, Ostireliya ta yi sulhu da ita a 1993, ta yarda ta biya dalarta miliyan 107. Ƙaramar ƙasa ta tsaya gaban babba ta karɓi haƙƙi, abin a yaba ne. Sai dai gyaran yana bukatar a farfasa ginshiƙan dutse, a baje su, a samo ƙasa mai rai a shimfiɗa, kuma har yau ɗan abin da aka gyara bai taka kara ya karya ba.

Asarar ba ta tsaya a kan fili ba, ta shiga jikin mutane. Da ƙasar noma ta tafi kuma kuɗi ya zo, sai jama'a suka koma ga abincin da jirgi ke kawowa, wato farar shinkafa da naman gwangwani da sukari da lemon kwalba. Kiwon ibija ma ya ja baya, musamman bayan da aka saki karfasa a tabkin Buada a shekarun 1960, ta hayayyafa ta mamaye ruwan. Wani bincike da aka yi a 1975 ya gano cewa kusan mutum ɗaya cikin kowane uku na manya yana da ciwon sukari, kuma har yanzu Nauru tana cikin ƙasashen da wannan ciwo da yawan ƙiba suka fi yi wa katutu. Ruwan sha kuwa sai wanda aka tara daga rufin ɗaki, ko wanda inji ya tace daga teku.

Ƙasar da ta rasa abin sayarwa takan fara sayar da sunanta. A shekarun 1990 Nauru ta riƙa ba da lasisin banki ga duk wanda ya biya, aka yi rajistar ɗaruruwan bankunan da ba su da ofis sai a takarda, har babban bankin Rasha ya ce kimanin dalar Amurka biliyan 70 ta bi ta cikinsu a 1998. Duniya ta matsa, aka rufe su. A 2001 kuma, bayan wani jirgin dakon kaya mai suna Tampa ya ceto 'yan gudun hijira fiye da 400 a teku, galibinsu 'yan Afghanistan, Ostireliya ta ƙi karɓarsu, ta biya Nauru domin a tsare su a can. An rufe sansanin a 2008, aka sake buɗe shi a 2012, kuma ya zama ɗaya daga cikin manyan hanyoyin samun kuɗin gwamnati, duk da sukar da likitoci da hukumomin kare haƙƙin ɗan Adam suka yi ta yi game da halin da waɗanda ke tsare suke ciki, musamman yara. Abin takaici ne ƙwarai a ce al'ummar da aka taɓa kwashe 'ya'yanta zuwa wani tsibiri ta wayi gari abincinta ya dogara da tsare 'ya'yan wasu.

Amma akwai wani ɓangare na labarin da ba a cika faɗa ba, kuma shi ne ya fi kusa da mutanen Kabi. Tudun Nauru ƙarami ne, ruwanta kuwa babba ne, domin dokar teku ta ba ta iko a kan fiye da murabba'in kilomita 300,000, kuma ruwan cike yake da kifin tuna, wanda ake cikawa a gwangwani a sayar a duniya. A 1982 ƙasashe bakwai na yankin, waɗanda daga baya suka zama takwas, suka sa hannu a wata yarjejeniya da ke ɗauke da sunan Nauru, suka haɗa kai a kan jiragen kamun kifi na ƙetare. Daga 2007 suka fito da tsarin sayar da ranaku: a ƙayyade yawan ranakun da za a yi kamu a shekara, a raba su tsakanin ƙasashen, jirgin da ke son shiga ya sayi rana a farashin da ba a yarda kowa ya karya ba. Kowane babban jirgi sai ya ɗauki mai sa ido, kuma akwai watannin da ake hana wasu dabarun kamu domin ƙananan kifaye su girma. Cikin kimanin shekara goma, kuɗin da ƙasashen takwas ke samu ya tashi daga wajen dalar Amurka miliyan 60 zuwa kusan miliyan 500 a shekara. Masuntan Argungu sun san wannan hikima tun kafin a rubuta ta, domin da hana shiga kogin Matan Fada sai ranar da Sarkin Ruwa ya ba da izini ne ake samun giwan ruwan da ake fitowa da shi ranar bikin kamun kifi. Mutanen da suka gaza a kan dutse su ne suka yi nasara a kan kifi, kuma bambancin a fili yake: kifi yana haihuwa idan an ba shi hutu, sa'annan a wannan karon masu dukiyar ne suka yanke farashi.

Daga nan sai a waiwayo gida. Yankin Sakkwato ma yana da fosfet a ƙarƙashin ƙasa, a wajejen Dange da Shuni, kuma ana haƙar zinariya a ƙasar Yawuri da ta Zamfara. Jama'a ba su manta da 2010 ba, lokacin da gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. Najeriya ƙasa ce mai faɗi, ba za a yashe ta kamar Nauru ba, amma ƙauye guda ana iya yashe shi, gonar gado guda ana iya yashe ta, kuma ga mai gonar babu wani bambanci. Tambayoyin da mutanen Nauru ba su samu damar yi ba a 1919 su ne ya kamata kowace al'umma ta yi kafin diga ya taɓa ƙasa: wa zai yanke farashi, ina za a ajiye rabon jikoki kuma wa zai tsare shi, wa zai cike ramin bayan an tashi, da kuɗin wa. Idan ba a amsa ta ƙarshen a rubuce ba tun farko, tarihin Nauru ya nuna cewa ko zuwa kotu da miliyoyin daloli ba sa mayar da ƙasar da aka kwashe.

Yau Nauru tana tsakanin matsaloli biyu. Teku tana ƙaruwa saboda ɗumamar yanayi, tana cin zoben da mutane ke zaune a kai, tudun da ya kamata su koma kuwa shi ne aka haƙe, don haka gwamnati ta fito da shirin gyara shi a mayar da gidaje can, har ta koma sayar da takardar zama ɗan ƙasa ga masu kuɗi domin tara abin aikin. A gefe guda kuma, tun 2021 take matsa wa hukumar kula da ƙarƙashin teku ta duniya, mai mazauni a Jamaika, ta fitar da dokokin da za su ba wani kamfani da take ɗaure wa gindi damar kwaso duwatsun ma'adinai daga ƙasan Tekun Pasifik, waɗanda ake bukata wajen yin baturan motocin lantarki. Shugabanninta suna cewa ƙasar da ba ta da gona ba ta da wani zaɓi. Maƙwabtanta irin su Palau da Fiji suna cewa a dakata tukuna, domin ba a gama sanin abin da haƙar za ta yi wa teku ba, kuma a cikin tekun nan ne kifin da ke ciyar da yankin yake.

Jama'a masu sauraro, wannan muhawara ba ta ƙare ba, kuma idan kuka ji sunan Nauru a labaran duniya nan gaba, akwai yiwuwar a kanta ake magana. Ku saurara da kyau, ku tattauna a majalisunku, musamman ku da ake haƙar wani abu kusa da gonakinku. Allah ya ba manoma da masunta sa'a, ya tsare fadama daga ambaliya.